Rimidiyal ɗin Madam na Aboabo: wata 14 na yi a ciki, ga abin da na gani

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da sakamakona na Nobdek, wato jarrabawar WASSCE ta masu sake rubutawa a ƙarshen shekara, ya fito mutane suke ta damuna a WhatsApp, wai ina na yi rimidiyal, wato ajin shirin sake jarrabawa, nawa ake biya, da gaske ne Madam mai ajin ba ta karɓar kuɗi a hannun wasu, wata ma har shago ta biyo ni da atamfa a leda kamar ɗinki ta kawo ashe tambaya ce ta kawo ta. To na gaji da maimaita magana ɗaya, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, mai daɗi da mara daɗi. Ba wanda ya ba ni ko pesuwa ɗaya a kan wannan rubutun, ita Madam ɗin ma ba ta san ina yi ba, in ta gani na san sai ta kira ni ta yi min faɗa a kan maganar fanka da zan kawo a ƙasa.

Ni tela ce, a nan Aboabo cikin Kumasi, Ghana, aka haife ni kuma a nan nake aure, yara uku. Na rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare, a 2013, shekarar nan da aka haɗa 'yan shekara huɗu da 'yan shekara uku suka zauna jarrabawa lokaci guda, duk wanda ya yi sakandare a lokacin ya san irin cunkoson da aka yi. Kuma wannan kafin Free SHS ne, wato sakandare kyauta, sai a Satumba 2017 aka fara shi, mu a namu zamanin in ba ka biya kuɗin zango ba sunanka ake kira a asambuli a ce ka tafi gida. Ni kam an kora ni ya fi sau biyar, wani lokaci sati biyu ina gida ina taya Mma sayar da waake da shinkafa kafin Baba ya haɗa kuɗi. Da sakamako ya fito ko-mas, wato lissafi na dole, F9, sayans E8, Turanci D7, duk ƙasa da C6. Sauran ba laifi amma kun sani dai, in ba ka da C6 a waɗannan manyan ba jami'ar da za ta kalle ka. Na ninke takardar na jefa ƙasan akwati, na shiga koyon ɗinki, aure ya zo, shike nan shekara 10 suka wuce kamar jiya.

Abin da ya mayar da ni kuwa ɗiyata ce ta fari. Ta kawo min aikin gida na lissafi, abin 'yan firamare fa, na juya littafin na sake juyawa na ce mata je ki tambayi babanki ina da aiki, alhali ba aikin da nake yi, kunya ce kawai. Daren nan ban yi barci sosai ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta ce min ai akwai kilasis na dare da Madam mai kemis ta buɗe, manya ma suna zuwa, har da masu furfura.

Wurin ba wani wuri ba ne, kar ki zo kina neman allon suna ko geti mai fenti. Ajujuwa uku ne na wata makarantar Islamiyya da yara ke tashi da la'asar, Madam ta karɓi hayarsu na dare. In kin sauka a pragya, keke mai ƙafa uku, sai kin ɗan taka cikin lungu, kin tsallake gwata biyu. Ana farawa bayan Magariba, ƙarfe 7 saura kwata, a tsaya a yi Isha'i, a tashi 9 da rabi, Litinin zuwa Alhamis, sai Asabar da safe a yi gwaji da tsofaffin tambayoyi, pasko dai da kuka sani. Da azumi ana mayar da komai safiyar Asabar da Lahadi. Darussa huɗu na dole kawai suke koyarwa, Turanci, ko-mas, sayans da soshiyal, in ilektif, darussan zaɓi, kike nema ba nan ba ne, kuma za su faɗa miki tun ranar farko ba za su karɓi kuɗinki su ja ki ba.

Wannan maganar ta faɗin gaskiya ita ce ta fara kama ni. Ranar da na je yin rajista Madam da kanta na tarar, ta karɓi tsohuwar takardata ta duba ta ce ƙanwata me kike so ki yi da wannan karatun. Na ce ina sha'awar in karanta fashin a Kumasi Technical University, tsohuwar Poli. Sai ta ce to ai kin haura shekara 25, akwai hanyar manyan ɗalibai, jarrabawar shiga kawai za ki yi, ba dole sai kin ɓata shekara a wurina ba. Ku ji fa, kwastoma ta zo da kuɗinta a hannu mai wuri tana nuna mata wata ƙofa. Na ce Hajiya ni lissafin nan nake so in iya, ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ta yi dariya ta ce to zauna.

Yanzu maganar kuɗi, don na san ita kuka fi so ku ji. A lokacina sidi 150 ne a wata ga mai iya biya, ban sani ba ko an ƙara yanzu tunda komai ya tashi, ku tambaya. Wanda ba zai iya ba yana biyan rabi. Wanda ba shi da ko rabin kuma ba a kore shi, amma ba kyauta ba ce irin ta a ba ka ka yi godiya ka wuce. Akwai wani babban littafi mai baƙin bango da Madam ke ajiyewa a jakarta, ta kan buɗe ta ce rubuta sunanka da hannunka, sannan rubuta me za ka mayar. Wani yaro kafinta shi ya gyara bencina duka, wani mai wayarin ya ja wuta zuwa aji na uku, 'yan matan da suka ci jarrabawa bara su ne suke dawowa ranar Asabar da yamma suna koya wa 'yan kayaye abacada, yaran nan da suka zo daga arewa suna ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia da ko sunansu ba su iya rubutawa ba. Ba riba, ba wa'adi, ba ta bin kowa gida, amma sunanka yana nan cikin littafi har ranar da ka cika sannan ta ja layi a kai a gabanka.

Ni ma na shiga littafin nan, ba zan ɓoye ba. Wata uku da farawa maigida ya yi rashin lafiya, aiki ya tsaya masa, kuɗin shago duk ya tafi magani da cefane, na daina zuwa ba tare da na gaya wa kowa ba. Sati biyu sai ga kira. Maman yara ina kika shiga? Na fara kame-kame ta ce bar zagaye-zagaye, kuɗi ne? Na ce e. Ta ce kina da keken ɗinki ko ba ki da shi? Na ce ina da. Ta ce akwai marayu biyu da suka samu sakandare, gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta amma ba ta ɗauke akwati da katifa da kayan sawa na gida da sauran tarkacen da ake rubuto wa iyaye ba, zan kawo yadi ki ɗinka musu, gobe ina son ganinki a aji. Haka aka yi. Wallahi na koma ajin nan kaina a sama, ba wanda ya san na biya ko ban biya ba, don ba a kiran suna a gaban mutane. Wanda aka taɓa kora gida a asambuli shi ya san nauyin wannan abin.

Tarihinta ba daga bakinta na ji ba, ba ta son zancen, daga bakin Mma na ji don sun san juna da mahaifiyarta tun da can. Wai uwar koko da ƙosai take yi, ita Madam tana yarinya kafin ta tafi sukul sai ta zagaya da bokitin koko tun asuba, ta isa aji a makare a yi mata bulala, gobe ma haka. A lokacin ma yawancin iyayenmu na zango ba su yarda da boko ba balle ga 'ya mace, tsoronsu kar yaro ya shiga makarantar mishan ya bar salla, sai da aka samu makarantun da suka haɗa Arabiyya da Turanci, aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi a 1987, sannan hankalin mutane ya fara kwanciya. Da Madam za ta rubuta BECE, jarrabawar shiga sakandare, kuɗin rajista ya gagara, wata ticha ce Batoniya, wato 'yar Asante, Kirista ma, ta biya mata daga albashinta. Daga nan Allah ya buɗe, ta je Tek, KNUST ke nan, ta karanta harhaɗa magunguna, ta yi aikin asibiti shekaru kafin ta buɗe kemis nata. Mma ta ce tichar ta rasu kafin Madam ta fara ɗaukar albashi, ba ta samu ta mayar mata da komai ba. Ni dai a raina na ce to ga inda baƙin littafin nan ya samo asali, amma wannan hasashena ne, ban taɓa tambayarta ba kuma ba zan tambaya ba.

Abin da na tabbatar da idona shi ne kuɗin da muke biya ba ya riƙe wurin. Ku lissafa haya, ticha huɗu, wuta firipe, alli da takardun da ake bugawa kowane sati, sannan kusan rabin aji ba sa biya cikakke. Daga kemis cikon yake fitowa. Kuma matar nan ba wata hamshaƙiya ba ce, motarta tsohuwa ce ƙwarai, wani dare mu muka tura ta har bakin titi.

Koyarwa kuma, to a nan akwai sama akwai ƙasa. Tichan lissafi shi ne dukiyar wurin nan, dattijo ne ɗan fansho, in ya bayyana da Turanci ya ga ido ya yi fari-fari sai ya juya Hausa, in akwai wanda bai ji ba ya juya Twi, ba ya gajiya. Ba ya fara darasi da x da y, sai ya tambaye ka sana'arka. Mate na trotro, wato kwandastan bas, ya yi masa lissafi da kuɗin fasinja daga Aboabo zuwa Kejetia, yaran Suame Magazine, unguwar makanikai, ya yi musu da kuɗin kayan gyaran mota da man inji, ni kuwa ranar da muka shiga kaso cikin ɗari da riba da faɗuwa ya ce Hajiya tela nawa kike ɗinka kaba da siliti, wato riga da siket na atamfa. Na ce 120. Ya ce zo allo. Shafi nawa, na ce 30. Zare da zif da sitif, 20. Wuta da haya in an raba a kan kayan da kike ɗinkawa a wata, muka buga ya kama wajen 25. Kuɗin abincin yarinyar da ke koyo a wurinki na kwana biyun da ake aikin, 30. Ya ce tara. 105. Ya ce to ke da kika sunkuya kwana biyu a kan keke nawa aka biya ki? Aji ya yi tsit, ni da kaina na rubuta 15 a allo hannuna yana rawa.

Shekara da shekaru ina cewa kuɗina ba su da albarka, har rubutu na sa aka yi min na sha, ashe farashi ne na bari a inda yake tun kafin kaya su haukace, kun tuna ƙarshen 2022 da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, kowa ya ƙara nasa ni ina jin kunyar kwastoma wai 'yan unguwa ne. Satin nan na sayi littafi na fara rubuta shiga da fita, na mayar da kaba da siliti 200. Wasu sun gudu, wata har ta ce boko ya fara lalata ni, amma yawanci sun zauna, waɗanda suka gudun ma biyu sun dawo da Salla. Na raba MoMo, asusun kuɗi na waya, na shago da na gida. Na shiga susu, wato adashi, na sati-sati kuma ban taɓa fashi ba. Tun kafin in shiga ɗakin jarrabawa karatun ya riga ya biya kansa, wannan shi ne abin da nake gaya wa duk matar da ta ce min ita ta tsufa da komawa aji.

Soshiyal ba laifi, karatu ne da hadda. Sayans tichar tana ƙoƙari amma ba lab, ba komai, a allo ake zana kwalba a ce ki ɗauka ruwan ya koma ja, to ni ban taɓa ganin ya koma ja ba sai a bidiyon YouTube da take turo mana, shi ma in kina da data. Turanci shi ne inda na fi jin haushi. 'Yan bautar ƙasa ake samu, yara masu ilimi amma shekara na cika sun tafi, a wata 14 ticha uku na gani, ɗaya ma sai ya ba mu insha'i mu rubuta ya karɓa shike nan ba mu sake ganin takardar ba. Na kai ƙara, Madam ta canja shi, amma wata biyu sun riga sun tafi a banza. In Turanci ne kaɗai matsalarki ki yi tunani sosai kafin ki dogara da nan kaɗai.

Sai maganar apo, wato tambayoyin jarrabawa na sata. Kowa ya sani lokacin jarrabawa na matsowa sai guruf-guruf su cika waya, turo sidi kaza a ba ka tambayoyin gobe. Wani yaro a ajinmu ya fara tallan abin a ɓoye, har ni ya yi wa magana, kuma ba zan yi ƙarya ba zuciyata ta ɗan raya min, shekara 11 ina jiran wannan lissafin. Labari ya kai kunnen Madam, ta shigo ana tsakiyar darasi ta ce duk wanda ya sayi apo ya tashi ya fita yanzu kar ya dawo, WAEC in ta kama ka soke sakamakon za ta yi gaba ɗaya, in ma ba ta kama ka ba ka je ka zama nas ka ba ɗan wani allurar da ba ka iya lissafinta ba. Yaron ta kore shi a ranar. Wasu sun ce ta yi tsauri, yaro ne maraya, ni ma a lokacin na ji tausayinsa, har yanzu ban gama yanke hukunci a raina ba ko da ta ba shi dama ɗaya.

Don gaskiya matar nan tana da zafi, bakinta ba linzami. Ƙarfe 7 da kwata ake rufe ƙofa, ko ruwa ake ko go-silo ne ya riƙe ki, kuma duk wanda ya san Aboabo da damina ya san in rafin Pelele ya cika ba mai wucewa. Sau biyu ina tsayawa a taga ina kwafar darasi kamar ɓarauniya. Mace mai aure da sai ta sauke tukunya ta sallami yara ta jira maigida ya dawo, minti 30 ba ya isarta, na faɗa mata ta ce ita ma da bokitin koko take zuwa aji, ba ta ga uzurin da zan kawo mata ba. To Hajiya ba kowa ne ke ba. Kuma ba wurin ajiye jarirai, masu goyo a baya suke zama da su, yaro ya yi kuka a fita da shi darasi ya wuce. Mata uku da muka fara tare duk wannan ne ya cire su, ba kuɗi ba.

Bencinan na yaran Islamiyya ne, ƙanana, mai jiki irina gwiwa tana taɓa ƙirji. Sauro daga gwata kamar an aiko su, ki zo da safa da mayafi mai kauri. Bayan gida ɗaya ne maza da mata, ni dai ban taɓa shiga ba. In an ɗauke wuta akwai fitilun caji guda huɗu da tocilan waya, ba a tashi. Rufin kwano ne ba silin, a watan Maris zafi sai ka ji kamar a tanda kake, fanka biyu ne a ajinmu ɗaya ta mutu tun zuwana.

Abu ɗaya kuma da yake damuna wanda ya fi duk waɗannan, komai a wuyan mutum ɗaya yake. Da Madam ta yi tafiya Umra sati uku wuri ya yi sanyi, ticha biyu suka fara latti, ba mai buga takardun Asabar. Yau in kemis ya samu matsala ko ita ta kwanta, ban ga wanda zai riƙe ba. Muna da alhazai a Kumasi da ke kashe dubbai a suna da biki, ashobi kala uku a aure ɗaya, ni nake ɗinka su na san kuɗinsu. Ana ta maganar asusun raya zango da aka kafa tun 2017, Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ma yana da gidauniyar ilimi, duk alheri ne, amma irin wannan ƙaramin aji na cikin lungu mutanen lungun ne ya kamata su tallafe shi. Mu tsofaffin ɗalibai mun fara haɗa sidi 20 kowane wata, mu 12 ne yanzu, ba ta so da farko wai ba ta roƙi kowa ba, sai da tichan lissafi ya sa baki.

Rajistar Nobdek ma suna taimakawa, tun farkon shekara ake tara kuɗin kaɗan-kaɗan a wurinta don kar ya zo wa mutum a dunƙule, kuma wani yaro yana zama da laftof ya cike wa kowa fom a duba suna da ranar haihuwa sau biyu, don kuskuren harafi ɗaya sai ya wahalar da kai shekaru.

Na rubuta a ƙarshen 2024. Ranar da na sayi cheka, katin duba sakamako, hannuna bai iya danna lambobin ba sai ɗiyata ce ta danna min, ita wadda na kora da littafinta. Ko-mas C4, sayans C6, Turanci C6 da ƙyar. Na yi kuka har maƙwabta suka shigo suna salati sun ɗauka rasuwa aka yi. Da na kira Madam abin da ta ce kawai shi ne Alhamdu lillahi, to ranar Asabar ƙarfe 4 'yan kayaye suna jiranki. Ko barka ba ta ƙara ba.

In da tauraro ake bayarwa huɗu zan ba su cikin biyar, ɗayan na riƙe shi saboda Turanci da ƙofar nan ta 7 da kwata. Wanda ko-mas ya tsare masa hanya, ko mai sana'a da yake so ya san inda kuɗinsa ke zurarewa, ya je. Mai neman a yi masa siddabaru ya ci jarrabawa ba tare da ya zauna ba kar ya ɓata kuɗin pragya. Sabon rukuni a Janairu suke farawa, ki je da tsohuwar takardar sakamakonki da Ghana Card, katin ɗan ƙasa, kuma ki je da wuri don benci 20 ne a kowane aji, in ya cika sai wata shekara. Fankar nan kuma har Asabar ɗin da ta wuce ba a gyara ta ba, in akwai mai gyaran fanka a cikinku da yake son shiga aji ya same ni a shago in kai shi, na san shafin da za a buɗe masa.